Buhu Takwas a Ƙarƙashin Ƙafar Surukina

Ɗazu da na wuto ta gindin ɗorawar nan na ji wani a cikinku yana cewa, "Aikin Malam Sale ai hutu ne. A murɗa ƙarfe da safe, a murɗa da azahar, a koma gida a miƙe ƙafa." Na ji sarai. Gwiwa ce ta gaza, kunnena lafiyarsa ƙalau. To tunda ku huɗun nan kun cike fom kuna neman makullin da zan ajiye, kuma jibi za ku zauna gaban kwamiti a yi muku intabiyu, ku kashe wayoyin nan ku saurare ni. Har da na can baya mai jar hula, da ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa. Mijin 'yata Hadiza ne, shi ya sa ba zan kama sunansa ba, shi ma ba zai ɗago ya dube ni ba. Amma ya buɗe kunne, don maganar ta fi shafarsa.

Ga makullin, ku ɗaga ku ji. Yauwa, ka ga yadda ya rinjaye ka? Shekara talatin da 'yan kai ina ɗaure shi a bayan keke ina bin wannan reshen kanal da ya taso daga dam ɗin Watari. Ƙofa huɗu ce a hannuna. Kowace ƙofa faifan ƙarfe ce da doguwar ƙusa a kanta. Ka ɗora makullin a kan ƙusar ka murɗa, ƙofa ta ɗaga, ruwa ya shiga gonakin wannan ɓangaren. Lokacinsu ya cika ka rufe, ruwa ya wuce wa na gaba, har ya kai ga mutanen wutsiya, waɗanda su ne na ƙarshe kuma su ne kullum a wahale. A baki wannan ne aikin gaba ɗaya, shi ya sa kuke raina shi.

Ranar da na fara bin marigayi Baba Audu, wanda ya riƙe makullin kafin ni, ban ko taɓa ƙarfen ba. Karan dawa ya karya ya miƙo min. Ya ce, "Jefa a ruwa, ka bi shi da ƙafa. Inda ya karkata ka kira ni." Na ce a raina, yau ga wasan yara. Muna tafe, ni da kara, har muka wuce ƙofa ta biyu, sai na ga ya ja hagu ya manne da gaɓa yana juyi. Na duba ban ga komai ba. Baba Audu ya zo ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro ciyawa, sai ga ramin gafiya yana zuƙe ruwa. Ya ce, "Wannan ramin, in ka bar shi kwana uku, gaɓar nan za ta ɓalle ta tafi da alkamar mutum biyar." Rani guda cur na yi ina bin kara kafin ya bari na ɗora makulli a kan ƙusa.

Da ya bari ɗin ma, ranar farko sai da na sha ranƙwashi. Na kama na yi ta murɗawa da ƙarfin samartaka, ƙofa ta ɗaga gaba ɗaya, ruwa ya fita a guje ya kwashe dashen tumatir ɗin wani bawan Allah, fangali uku. Ba a sakin ruwa haka. Murɗi biyar za ka yi ka dakata, ƙasa ta jiƙa ta kama jikinta, sannan ka ƙara. Rufewa kuma ta fi buɗewa wuya, don in kara ko leda ya maƙale a ƙasan faifan, kai kana ganin ka rufe, ashe ruwa na ta tsiyaya ta ƙasa. Dole ka shiga ka lalubo da ƙafa. Ga giris da za ka riƙa shafa wa ƙusa kada ta yi tsatsa, ga lauje na yankan ciyawar kacalla, ga shebur, ga buhunan da kake cikawa da ƙasa don toshe ɓaraka. Matsattsaku sun sha jinina har sun gaji, fitsarin jini kuwa sau biyu yana kwantar da ni. Ku tambayi Uwani, matata, in kuna ganin ƙari nake.

Duk wannan kuma mai sauƙi ne a kan mutane. Ruwa inda ka nuna masa nan yake bi, mutum ne ba ya jin magana. Akwai mai zuwa da goro da fara'a, "Malam Sale, ɗan ƙara min minti goma mana." Akwai mai tahowa da zagi tun daga nesa, ya taɓo uwa ya taɓo uba. Akwai mai rantsuwa cewa gonarsa ba ta sha ba, alhali ga ɗanyen taɓo har idon sawunsa. Akwai mai binne tiyo a cikin gaɓa ya rufe da ciyawa. Wani har tsohuwarsa ya turo min ta zo tana kuka. Waɗannan duk za ka iya kallon idonsu ka ce a'a. Baba Audu ya gaya min tun farko, "Minti goman da ka ƙara wa na sama, daga bakin na wutsiya ka ciro shi. Shi kuma ba ya nan balle ya roƙe ka."

Shekarar da damina ta ɗauke da wuri, dam bai cika ba, ƙungiyar manoma ta zauna ta rage wa kowa, mai shan yini guda ya koma rabin yini. Ƙofa ta biyu tana sha ranar Alhamis daga asuba zuwa azahar, daga nan ruwa na mutanen wutsiya ne. A bayan ƙofa ta biyun kuwa akwai albasar surukina, mahaifin Uwani, wanda kuka sani da Malam Babba, Allah ya jiƙansa. Ya yi jinya a farkon rani bai samu yin dashe da wuri ba, albasarsa tana ƙarama lokacin da ta kowa ta kama ƙasa. Gonarsa kuma a ƙarshen ɓangaren take, kafin ruwa ya zagayo kansa azahar ta yi. Fangali goma, biyu kawai suka sha.

Ku yaran yanzu kuna cin tuwo kwano ɗaya da surukanku, wani har hannu yake miƙa musu. Mu ba haka muka taso ba. In na hango Malam Babba a hanya, ratsewa nake in bi ta cikin gona. In ta kama dole, tun daga nesa zan cire takalmi in durƙusa, ido a ƙasa, in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa tsayawa a kansa ba, ban taɓa miƙa hannu ta gabansa ba, balle in ce masa tashi. Shi ma ba zai buɗe baki ya roƙe ni abu ba, ya fi ƙarfin haka. Kuma duk wannan ya san shi sarai.

Ranar Alhamis ɗin na sallame azahar, na hau keke na nufi ƙofa ta biyu in rufe. Tun daga nesa na hango farar riga a kan dakalin simintin ƙofar. Malam Babba ne. Ya shimfiɗa buzunsa daidai gindin ƙusar, ya jingina bayansa da ita, ya sako ƙafafu ta saman ruwa yana jan carbi. Bai kira ni ba, bai aiko kowa ba, bai ce a ƙara masa ba. Zama kawai ya yi. Ba yadda za a yi in ɗora makulli sai na tsaya a kansa na ce ya matsa. Tabɗi! Yanzu in na tuna dabarar burge ni take, amma a lokacin gumi ne ya karyo min.

Na jingine keke, na cire takalmi, na durƙusa. "Baba, ina wuni." Ya ce, "Lafiya lau," yana kallon gabas. "Ya ƙarfin jiki?" "Da sauƙi." Shi ke nan. Na koma gefe na tsuguna ko zai tashi. Carbi ya zagaya, ya sake zagayawa, ruwa na ta kwarara cikin ƙofar. Can sai ga Idi, wani manomin wutsiya, da shebur a kafaɗa, ya biyo kanal yana neman inda ruwansa ya maƙale. Alkamarsa ta yi ciki, kwana goma ba ta sha ba, kuma ita ce abincin gidansa. Ya dubi dattijo, ya dube ni, ya gane komai. Sai ya juya zai koma. Wannan juyawar tasa ce ta ƙona min rai, don na ga ya riga ya yanke cewa an gama da shi.

Na ce, "Idi, tsaya. Ara min shebur ɗinka." Na kwance buhunan da ke bayan kekena na cika su da ƙasa. Na saɓi na farko na gangara cikin kanal da rigata da wandona, don ba zan tuɓe a gaban suruki ba. Ruwa iya ƙirji. Na sunkuya na shiga ƙarƙashin dakalin da yake zaune, tafin ƙafarsa na lilo a saman hulata, na danna buhun a bakin ƙofar na taka shi. Na fito na ɗauko na biyu. Haka har takwas. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya, ban ce masa komai ba, ban taɓa ko gefen buzunsa ba. Da na danna na takwas ƙofa ta toshe, ruwa ya miƙe ya nufi wutsiya, Idi ya bi shi a guje har ya manta shebur ɗinsa. Malam Babba ya naɗe buzu ya tafi.

Albasar nan ba ta yi ba. Na yi ta jigilar ruwa da jarka daga rijiya in na tashi aiki, na ceto fangali biyu a kan biyun da suka sha, sauran shida suka ƙone. Sai da ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa kafin damina. Uwani ta yi mako guda tana dire min tuwo ta juya ba magana, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa bai taɓa tayar da zancen ba. In na gaishe shi ya amsa yadda ya saba, yana kallon wani wuri. To dama tsakanina da shi shiru ne, ta ina zan bambance shirun kunya da na fushi? Shekara bakwai ban san matsayina a wurin mutumin nan ba, kuma abin yana cina.

Sai aka zo aka gyara kanal, aka zuba sabon siminti, aka ce duk mai riƙe da makulli sai an sake tantance shi, kuma duk mai so ya nema. Samari suka fito da difloma a cikin fayil, ni kuwa takardata ita ce kantar hannuna. Mutane suka riƙa ce min, "Malam Sale, ka janye da mutuncinka, kada yara su kunyata ka da turanci." Na ce in janye in bar wa wa? Wanda bai san ramin gafiya ba? Sai dai su kore ni da bakinsu. Da makullin nan nake ciyar da iyalina, ba inda za ni.

A ajin firamare aka yi. Na shiga na tarar da mutum huɗu a bayan tebur: wani matashin injiniya daga birni mai gilashi da kwamfuta, shugaban ƙungiyarmu, da dattawan manoma biyu. Ɗaya daga cikin dattawan Malam Babba ne. Tagogi kuwa cike da kawunan 'yan kallo. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su. Aka nuna min kujera a gaban tebur, na ƙi. Na ɗosana a bakin bencin yara, na karkata ina fuskantar allo. Injiniya ya ce, "Baba, ka juyo ka dube mu mana, a intabiyu ana son a haɗa ido." Na ce, "Ranka ya daɗe, ina jin ka daga nan." Shi baƙo ne, bai san dalili ba.

Ya fara da tambayar aiki, wai kanal ɗin mita nawa ne. Na ce ban auna da tef ba, amma in na saki ruwa bayan sallar asuba yana isa gonar ƙarshe da hantsi, in ya wuce haka to akwai ɓarawo ko rami. Ya rubuta. Sai ya yi murmushi ya ce, "To Baba, ga wata. Da a ce kai dabba ne, wace dabba za ka zama?" Daga baya na ji cewa wani da ya riga ni shiga ya ce zaki, wani kuma ya fusata wai an zage shi ya fice. Dukansu sun yi wauta. Irin wannan tambayar so ake a ga ko za ka ruɗe, ko za ka yi fushi, ko za ka cika baki, don mai aikin ruwa kullum cikin masu tsokana yake. Na ce, "A garin nan in ka kira mutum dabba sai an je gaban mai unguwa. Amma tunda kai baƙo ne, rubuta jaki. Kaya na ɗauka, duka na sha, kuma in na turje ba mai matsar da ni." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya rubuta.

Dariyar ce ta yi masa daɗi, ya ga ya samu abokin wasa. Ya jingina da kujera ya ce, "Yauwa, ga ta ƙarshe. A ce surukinka, uban matarka, yana da gona a nan, ya zo ya ce ka ba shi ruwa ba ranarsa ba. Ya za ka yi?"

Kai! Ajin nan kamar zai tsage. Na tagogi suka fashe da dariya har wani ya faɗo daga kan dutsen da ya taka. Shugaba ya toshe baki da hannun riga yana tari. Injiniya ya zaci tambayarsa ce ta yi armashi, yana ta washe baki. Duk wanda ke wurin ya san labarin buhu takwas, ban da shi. Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, ni da mai jan carbi a ƙarshen tebur.

Ban yi gaggawa ba, na bari dariyar ta mutu da kanta, ina tunani. In na mayar da ita wasa, na ce ai sai in gudu in bar masa makullin, za a sake dariya a wuce, amma injiniya zai rubuta cewa ba ni da tsayuwa. In na ce surukina ba zai taɓa yin haka ba, ƙarya ce, kuma na tagogi sun sani. Labarin buhu takwas kuwa yana bakina, in na faɗe shi na ci aikin nan take. Amma na tona asirin dattijo ke nan a gaban baƙo da yaran gari. Wallahi gara in rasa makullin da in saye shi da mutuncin uban matata.

Ina kallon allo na ce, "Ranka ya daɗe, surukina uba ne. In ya ce gonata yake so, ya ɗauka. In ya ce in yi masa noma damina guda, zan yi. Amma ruwan nan ba nawa ba ne, riƙo aka ba ni. Ba zan buɗe ba."

Injiniya ya ce, "Haba Baba, wannan ai kowa zai faɗa a baki. In ya zo da kansa fa, ya tsaya a wurin?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na ce, "Ba zan buɗe ba." Ya ce, "Da me zan yarda?" Ba abin da zan ƙara wanda ba zai taɓa dattijon ba. Ta gefen ido na ga ya ɗauki biro yana girgiza kai. Na ce a raina shi ke nan, makulli ya tafi.

Sai na ji an ajiye carbi a kan tebur. Malam Babba ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, rubuta abin da ya gaya maka. Ni ne surukin." Injiniya ya cire gilashi. Malam Babba ya ci gaba, "Ba tsayawa na yi ba, zama na yi a kan ƙofar. Ya shiga ta ƙarƙashina da rigarsa. Buhu takwas, ina zaune ina ƙirgawa. Bai ce min tashi ba, kuma bai bar min ruwan ba." Ya ɗauki carbinsa. "Har yau in na tuna albasar nan raina ɓaci yake. Amma ku ba shi makullin."

Ban ɗago ba. Allon nan na yi ta kallo har rubutun allin da ke jiki ya dushe a idona. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji kunya kamar in nutse. Ban yi masa godiya ba, shi ma bai jira ba, ba a yin haka tsakaninmu. Har Allah ya karɓi ransa bai sake ambatar zancen ba, gaisuwarmu tana nan yadda take.

To jibi ni ne zan zauna a kujerar da ya zauna, ƙungiya ta sa ni cikin dattawan kwamiti. Na riga na gaya wa shugaba, in aka zo kan mai jar hula ba bakina, su uku su yanke. Ban san abin da injiniyan bana zai tambaye ku ba. Wataƙila ya ce ku zama tsuntsu, wataƙila ya ce kifi nawa ne a dam. Kada ku fusata, kada kuma ku yi ta zuba don a tafa muku. Ku bari a gama dariya, sannan ku faɗi abin da kuka san za ku iya yi ranar da ba 'yan kallo.

Kuma duk wanda ya samu makullin a cikinku ya sani, ina da albasa a bayan ƙofa ta biyu, gadon Uwani, daidai inda ta Malam Babba take, can ƙarshen ɓangare. Na tsufa, ina da buzu, ina da carbi, kuma na san dakalin nan yana da daɗin zama. Ba zan yi wa kaina shaidar cewa in rani ya yi tsanani ba zan je ba. Na can baya, da kai nake. Na ba Hadiza buhuna takwas ta kai maka gida, ka ɗaure su a bayan babur ɗinka. Ranar da ka zo da azahar ka tarar da ni na jingina da ƙusa, kada ka tsaya kana murza hula. Ka cire takalmi, ka gaishe ni yadda ya kamata, sannan ka shiga ruwa.